Sannu-da-jiki, Ɗan Aiken Kamfanin Kwano

Na daɗe ina sayar da abinci a bakin ƙofar kamfanin kwanon rufi, tun ina da benci ɗaya har na kafa rumfa. Duk wanda ya yi aiki a gidan nan ya ci daga tukunyata, kuma kowa ya ci sai ya bar mini labari tare da kwanon wankewa. A cikinsu duka babu wanda aka tsana kamar mutumin da muke kira Sannu-da-jiki. Ni ma ban ƙaunace shi ba, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in fara ba.

Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, kullum cikin riga mai dogon hannu. Hannun rigar na dama a naɗe yake, an maƙale shi da fil, domin daga wuyan hannu zuwa ƙasa babu komai. Idan ya zo rumfata da rana, bencin da ya zauna a kai sai ya zama nasa shi kaɗai. Masu cin abinci su ɗauki kwanukansu su koma gindin katanga, rana na dukansu. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya riƙe cokali da hagu, ya ci a tsanake, ya biya, ya tashi. Da ya ba da baya sai wani ya ce, "Mara hannu ke nan mai sa mutane su sa hannu." A yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki.

Aikinsa a kamfani ba shi da wani suna tsayayye. Yana da ɗan ofis kusa da sito, da tebur da fanka. Amma kowa ya san abin da ake biyansa dominsa. Duk ranar da inji ya ci wani, ko kaya suka faɗo wa wani, kafin jinin ya bushe a ƙasa shi ake turawa asibiti. Zai shiga ɗakin marasa lafiya da ledar lemo da gwangwanin madara, ya ja kujera, ya ce, "Sannu da jiki." Daga nan sunan ya samo asali.

Tsofaffin ma'aikata sun ce da can ba haka yake ba. Ya shigo kamfanin yana saurayi, aka sa shi a kan injin yanka kwano. Injin yana da wani shinge na ƙarfe a bakinsa da ke hana hannu kaiwa ga wuƙa, amma shingen yana rage sauri, sai foman ya sa aka cire shi aka jingine a bango. Ranar da abin ya faru, rumfar injin cike take da ma'aikata. Kwano ya karkace, ya miƙa hannu ya gyara, wuƙar ta sauko. Wani dattijo da ke wurin ya ce mini bai yi ihu ba, tsayawa ya yi yana kallon hannun a kan tire kamar na wani ne.

Kafin ya farfaɗo a asibiti an mayar da shingen mazauninsa, har da sabon fenti. Kamfani ya ce ganganci ya yi. Shi kuma ya ce sam, ya ɗauki lauya, ya kai ƙara. Lauya ya ce masa shari'ar mai sauƙi ce, mutum ɗaya kawai ake so ya tsaya ya ce shingen ba ya nan. Ya bi abokan aikinsa gida-gida da dungu a naɗe da bandeji. Wannan ya ce lokacin ya fita bayan gida. Wancan ya ce ya juya baya. Amininsa, wanda suka yi hayar ɗaki ɗaya kafin su yi aure, ya aiko yaransa su ce ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa. Shari'a ta yi ta ja, ana ɗagewa, albashi ya tsaya, matarsa ta sayar da gadonta da kayan ɗakinta. Sai wata rana tsohon mai kamfanin ya kira shi, ya ba shi ɗan abin da ya ba shi, ya ce ya janye ƙara, shi kuma zai riƙe shi a aiki muddin ransa. Ya dangwala yatsan hagu.

Wannan duk gaskiya ne, kuma an zalunce shi. Abin da ya yi da zaluncin shi ne abin da ba na yafe masa.

Na ga aikinsa da idona lokacin da injin lanƙwasa ya markaɗe wa ƙanin mijina yatsu. Ina zaune a gefen gado da kular abinci ya shigo. Bai kalle ni ba. Ya ajiye ledarsa, ya zare fil ɗin, ya naɗe hannun riga, ya ɗora dungun a kan zanin gado, daidai inda yaron zai gan shi.

"Ƙanena," ya ce, "dubi nan. Ni na riga ka shiga wannan ramin. Za su zo su ce maka ka je ofishin ƙwadago, ka ɗauki lauya. Na je, na ɗauka. Ka san abin da na samo? Yunwa. Manaja ya tausaya maka, ya ce a biya asibiti, a ba ka wani abu a hannu yau ɗin nan. Da babu gara ba daɗi."

Na ce, "Malam, a bari mana likita ya gama dubawa. Ko ɗinkin ba a kwance ba."

"Mai abinci, ke ce za ki ciyar da 'ya'yansa in aka kore shi?"

Yaron yana cikin zafin ciwo da mayen allura, ga mata da ciki. Ya sa hannu. Bayan wata biyu hannun ya sandare gaba ɗaya, ba ya iya riƙe ko kofin shayi. Da ya koma kamfani, aka nuna masa takardar, aka ce magana ta ƙare tun a asibiti. Ba a kore shi ba, an dai mayar da shi shara, aka rage albashi, har ya gaji ya tafi da kansa. Daga baya muka ji cewa a doka sai likita ya auna yawan nakasar mutum kafin a yanke diyya, kuma magani da albashin jinya duk a wuyan kamfani suke, ba alfarma ba ce. Shi ya sa Sannu-da-jiki yake rige-rige da likita.

Ranar da ya dawo rumfata bayan wannan, na zuba masa abinci na dangwarar da kwanon har miya ta fantsama masa a riga. Na ce, "Kai dai ba ka tsoron Allah. Da ɗan gari akan ci gari."

Ya goge rigar da gefen hannu, ya dubi waɗanda ke gindin katanga, ya ɗaga murya don su ji.

"Ranar da hannuna ke kan tire, ina mutanen kirkin nan naki suke? Ga wasunsu can, gemu ya yi fari. Tambaye su. Kowa bayan gida ya tafi. Ni na koyi karatuna a wurinsu. Aƙalla wanda na je wa yana tashi da wani abu a aljihu. Ni wa ya kawo mini ko lemo?"

Wani tsoho ya tsame hannu daga abinci ya tashi.

Haka ya yi shekaru. 'Ya'yansa suka yi makaranta da wannan aikin, ya gina gida, ya rufa shi da kwanon kamfani. Ba a gayyatarsa komai, shi ma ba ya gayyatar kowa. An taɓa sace masa iskar tayoyin babur ɗinsa da aka mayar wa totur hagu, an taɓa zuba masa baƙin mai a kujera. Bai kai ƙara ba. Sai dai in wanda yake zargi ya ji ciwo, ya kan bar shi ya kwana biyu babu kuɗin magani kafin ya bayyana da ledarsa.

Wanda ya karya masa lago direban motar ɗaga kaya ne, ko in ce yayar direban. Direban yaro ne mai fara'a, ya sauko daga motarsa yana nuna inda za a ajiye wani naɗin ƙarfe, sarƙar da ke riƙe da naɗin ta tsinke. Ƙafarsa ta hagu ta shige ƙarƙashi. An daɗe ana kukan sarƙar nan. Ni kaina na ji ana maganarta a rumfata, kuma ofishin Sannu-da-jiki ake kai irin wannan kukan.

Yayar tela ce, gajeriya, mai kaifin murya. Ita ta raini direban bayan rasuwar iyayensu. Na kai musu abinci asibiti washegari, na tarar Sannu-da-jiki ya riga ni, har ya ɗora dungu a kan gado yana karatunsa. Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, "Baba, ka gama?"

"Na gama, 'yata. Shawara ce ta wanda ya gani."

"To ɗauke wannan abin daga kan gadon ƙanena. Ba kasuwa muka zo ba da za ka baje mana haja."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Yarinya, kamfani dutse ne, ku ƙwai ne."

"Kai kuma mene ne? Tsumman da suke goge dutsen?"

Ta ɗauki ledar lemon ta kai bakin ƙofa ta juye. Lemo ya yi ta gangarawa a barandar asibiti, masu jinya suna tsallakewa. Ya mayar da fil ɗinsa da hannu ɗaya, a hankali, ya tashi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa direban, ba ita ba, "In yunwa ta shigo, yayarka za ta koma ɗakin mijinta. Ka san ofishina."

Daga ranar kamfani ya daina biyan asibiti. Ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta daga gwiwa. Telar ta kai magana ofishin ƙwadago, ta yi ta zarya, yau a ce mai duba fayil ya fita, gobe a ce a kawo rahoton likita. Ta sayar da keken ɗinkinta. Mijinta ya fara ƙorafi, dangin miji suka ce ta mayar da gidan ɗansu asibiti. Ta zo bakin ƙofar kamfani lokacin tashi daga aiki, ta tsaya kusa da rumfata tana roƙon waɗanda suka ga sarƙar su zo su faɗa. Maza suka riƙa sunkuyar da kai suna wucewa. Waɗanda suka fi kowa zagin Sannu-da-jiki a gindin katanga su suka fi sauri.

Shi kuwa yana tsaye a kan babur ɗinsa yana kallo, fuskarsa kamar an ba shi kyauta.

"Kin gani?" ya ce mata. "Duk bayan gida suka tafi."

"Kai fa? Kai aka kawo wa kukan sarƙar."

"Ni ban ji komai ba."

Ta tofar da yawu a gaban tayarsa. Ya tayar da babur ya tafi.

Abin da ya faɗa a bakin ƙofar kamfani shi ya maimaita ranar da aka zauna a ofishin ƙwadago. Telar ce ta ba ni labari, tana yi tana huci. Ya zo da wankakkiyar riga, ya zauna kusa da lauyan kamfani, ya ce bai taɓa jin an yi kuka da sarƙa ba, kuma direban ne ya tsaya inda bai kamata ba. Direban yana zaune da sandunansa a jingine, ya ce, "Baba, ni da bakina na gaya maka." Bai ko juyo ba.

Sai dai zamani ya canza, ƙaryar ba ta yi masa aiki ba. Shugabar zaman ta ce su ba mai laifi suke nema ba. Tambayarsu ita ce, a bakin aiki ya ji raunin ko a'a? Kamfani bai iya musun wannan ba. Aka yanke cewa a biya duk abin da aka kashe a jinya, a yi masa ƙafar roba, a riƙa ba shi wani kaso na albashinsa duk wata. Da aka bincika kuma sai aka tarar rabin ma'aikatan ba a ma yi musu rajistar inshora ba, aka ci kamfani tara.

Kada a ɗauka daɗi aka sha. Kafin kuɗin su fara fitowa auren telar ya kusa mutuwa, yarinyar da direban zai aura ta auri wani, kuma ƙafa dai ba ta dawo ba. Amma labari ya bazu. Waɗanda suka sa hannu a gadon asibiti suka fara tururuwa zuwa ofishin ƙwadago, masu yatsu uku, masu ido ɗaya, masu ɗingishi. Kaɗan aka sake duba nasu. Yawancinsu, har da ƙanin mijina, aka ce lokaci ya wuce. Waɗannan suka dawo da wuta a ciki, kuma ba manaja suke nema ba. Wata rana da yamma suka tare Sannu-da-jiki a kwanar sito, sai da masu gadi suka fitar da shi ta ƙofar baya, rigarsa a yage, bakinsa na jini. Na ga lokacin da aka wuce da shi. Ban ce a daina ba, ban ce a ƙara ba.

A lokacin tsohon mai kamfanin ya riga ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da gida. Ɗan ya ce shi ba ya son hayaniya, ya ɗauko kamfanin inshora da lauyoyinsu su riƙa kula da masu rauni. Sannu-da-jiki ya zo da safe ya tarar an zuba gwangwanayen fenti a ofishinsa. Ya hau sama wurin yaron, ya ce mahaifinsa ya yi masa alkawarin aiki muddin rai. Sakatariyar da ke cin abinci a wurina ta ce yaron ko ɗagowa bai yi daga wayarsa ba.

"A rubuce yake?"

"Da baki ya faɗa, a ɗakin nan."

"To, Baba, bakin ya tafi da mai shi."

Wanda ya ƙare rayuwarsa yana sa mutane dangwala yatsa, shi nasa alkawarin ko a bayan kwalin ashana ba a rubuta ba. Da labarin ya iso rumfata, wani ya ce in zuba wa kowa nama, shi zai biya.

Bai haƙura ba. Ya tafi ofishin ƙungiyar ma'aikata, inda bai taɓa taka ƙafa ba. Shugaban ƙungiyar a lokacin wani mai walda ne da tartsatsi ya kashe wa ido, kuma Sannu-da-jiki ne ya kai masa takarda a gado. Ya bar shi a tsaye.

"Me ke tafe da kai?"

"An sallame ni ba bisa ƙa'ida ba. Ni ma ma'aikaci ne."

"Yau ka sani? Ina katinka na ƙungiya?"

"Ba ni da shi."

"To ga shawara ta wanda ya gani," in ji mai walda, yana nuna mataccen idonsa. "Duk abin da suka ba ka, karɓi. Kamfani dutse ne."

Mutanen da ke ofishin suka fashe da dariya. Ya tsaya har suka gama. Sannan ya ce, "Ku yi dariya. Gobe inji zai ci ɗayanku, sauran kuma duk za ku tafi bayan gida." Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Ya gwada ofishin ƙwadago a kan hannunsa, aka ce shari'arsa ta tsohuwar doka ce, kuma shi da kansa ya janye ta. Na ɗauka daga nan zai koma gida ya kwanta, 'ya'ya su riƙe shi. Matarsa, baiwar Allah mai haƙuri da nake haɗuwa da ita wurin sayen kayan miya, ta ce mini zaman gida ya gagare shi, faɗa yake da kowa har da kajin maƙwabta.

Yanzu yana da ɗan tebur da kujera biyu a ƙarƙashin wata bishiya, daura da ƙofar ofishin ƙwadago. Yana rubuta wa masu rauni takardar ƙorafi da hannun hagu, rubutu mai karkata amma mai karantuwa. Ya san duk hanyar da kamfani ke bi ya zille, tunda shi ya share yawancinsu. Yakan gaya wa mutum kada ya sa hannu a komai sai likita ya gama, ya riƙe kowace takardar magani, kada ya dogara da abokin aiki ko da uwa ɗaya ta haife su. Ba kyauta yake yi ba, kuma ba ya ragi. In mutum ya ce ba shi da shi, sai ya ce ya matsa, akwai na baya. Har mai waldan nan yana turo masa mutane, amma yakan ce musu, "Ku karɓi takardarku ku taho, kada ku gaishe shi."

Wasu na cewa tuba ya yi. Ni ban ga alama ba. Haushi ne dai ya sauya maƙwabci, da yana kan ma'aikata, yanzu ya haɗa da kamfani. Bai taɓa neman gafarar kowa ba, ƙanin mijina kuma har yau da hannu ɗaya yake tura baro a kasuwa.

Rannan na bi ta wurin zan je biyan kuɗin rumfa. Sannu-da-jiki ya tsufa, kafaɗun sun zube, ya sa tabarau. Wata mata na zaune a gabansa da yaro a goye, yana yi mata tsawa a kan ta bar rahoton likita a gida. Ya ɗago ya gan ni, na ɗauke kai.

"Mai abinci," ya ce, "har yanzu gishiri yana yi miki yawa a miya?"

Na ce, "Har yanzu. Masu ci ba su mutu ba."

Ya ja tsaki ya koma kan rubutunsa, ni kuma na tsallaka titi.